Motar Da Malam Ya Sayo A Kwatano Don Zuwa Argungu

Zamanin da nake ba ku labari, Birnin Kebbi ba ta zama babban birnin jiha ba tukuna. Komai namu Sakkwato yake. Gwamna can, babban asibiti can, mai son sabon keke ma can yakan nufa. Ni kuwa ina gidan mijina, Malam, mai fataucin albasa, tare da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Daga Ambursa anka kawo ni gidan, na iske Inna da ƙarfinta, na zauna da ita har ƙarfin ya tafi ya bar ta.

Inna 'yar Argungu ce. Aure ya kawo ta Birnin Kebbi, ta baro ƙanwarta can, kuma su biyu kaɗai sunka rage a ɗakinsu. Da suna da ƙafa, duk shekara in an yanke shinkafa ɗaya takan je wa ɗaya. To sai Inna ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, amma ba ta ƙara iya zama bisa benci ba, motocin Argungu na lokacin kuwa bencin katako ne, hanya ga gargada. Ita kuma ta Argungun yanar ido ta rufe mata gani, ɗiyanta sunka hana ta tafiya. Gaisuwa ta koma bakin mata masu kawo busasshen kifi. Ana nan, ana nan, wata rana mai kifi ta zo ta ce ta Argungu ta sha jinya ta tashi, amma ta ce a gaya wa yayarta, in akwai rabon ganawa a yi shi kafin ruwa ya sauka, don ba ta jin za ta kai wata kaka.

Sai in gaya muku wani abu, in ba haka ba sauran zancen ba zai shiga ba. Malam ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Shi ma in ya zo gaisuwa, bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaida labule. In tana da magana sai ta ce da ni in gaya wa mai gidana, alhali ga shi nan durƙushe yana jin komai. Ni in juya in gaya masa, shi kuma ya ce in gaya wa Inna ya ji. Yaran yanzu dariya suke in na faɗi haka. A wurinmu kunya ce, kuma ta gidanmu ta fi ta kowa nauyi.

Washegari da ya zo gaisuwa, Inna ta ce in gaya wa mai gidana tana son ganin Argungu. Iyakar abin da ta ce ke nan. Malam ya ce in gaya wa Inna in Allah ya yarda. Bai ƙara ba, ba ta ƙara ba.

To Malam yana da wani ciwo a rai wanda ni kaɗai na san zurfinsa. Shekarun baya ya je Argungu lokacin bikin su, wato kamun kifi, ya iske waɗansu Turawa sun ajiye mota kusa da gulbi. Motar ɗaki ce sukutum. Akwai gado ciki, akwai risho, akwai labule a taga, har da famfo mai zubo ruwa. Ya ga Bature zaune yana shan shayi yana kallon masunta ta taga, ba rana ba ƙura. Tun daga ranar motar ta shiga zuciyar Malam ta shimfiɗa tabarma. Yakan ce da ni, da zai samu irinta, da ya kai ta bakin fadama ya ajiye kusa da albasarsa ya riƙa shan iska. Sai dai ba ya iya faɗin haka a majalisa, don mai hankali motar ɗaukar buhu yake saye. Yanzu ga dalili ya faɗo masa har gida. Ban ce bai son uwarsa ba. Yana sonta so mai tsanani. Allah dai ya zuba masa biyayya da kwaɗayi a akushi ɗaya, ya sa hannu bai tsaya rarrabewa ba.

Na ce ko a nemi a-kori-kura ta maƙwabta a lallaɓa da ita. Ya dube ni ya ce, 'yar mutan Ambursa, uwarsa ba buhun albasa ba ce. Albasa ta yi albarka a shekarar, aljihunsa da nauyi. Ya ɗauki riga guda ta canji, ya ja wani dattijon direba na unguwarmu tunda shi bai iya tuƙi ba, ya ce za shi Sakkwato wurin dillalin motoci, in dafa tuwon gobe da shi.

Tuwon ya kwana, na ɗumama, ya sake kwana.

Labarin Malam ya koma zuwa ta bakin direbobin manyan motocin albasa, masu kai kaya kudu su dawo. Na farko ya ce ya gan shi a tashar Sakkwato. Dillalin can ya saurare shi har ƙarshe, ya ce shi bai taɓa ganin ɗaki mai taya ba, amma duk abin da babu a Sakkwato akwai shi a Kano. Na biyu ya ce ya gan shi a Kano ransa a ɓace, wai dillali ya ce ya gane sarai, ya kai shi bayan gareji ya nuna masa tsohuwar motar asibiti da gadonta. Malam ya nemi tsari ya fito. Daga nan anka ce Kaduna, inda Turawa ke da yawa. Dillalin Kaduna ya rantse ya taɓa sayar da irinta, da Malam ya zo bara da ya samu, amma yana da ɗan'uwa a Ikko.

Duk labarin da ya zo nakan kai wa Inna ɗaki. Da na ce Kaduna, ta ce in gyara mata matashi. Da na ce Ikko, ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta ce:

"Ɗiyata, ki tambayi mai kawo labarin. Argungu ta tashi daga inda na bar ta ne?"

Muna wasa da zancen, amma abin ba na wasa ba ne. Zafi ya kai inda yake kaiwa, gabas ta fara haɗa baƙi da yamma, manoma sun shiga sharar gona. Inna ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Kullum da safe sai ta ce in leƙa in gaya mata yadda sama take. Mai kifi ta sake zuwa, ta ce ta Argungu ta sa an mayar da shimfiɗarta kusa da ƙofa don ta riƙa jin tsayawar mota. Wannan ban kai wa Inna da dariya ba. Sai ga wani direba ya ce dillalin Ikko ya tura Malam Kwatano, ƙetaren iyaka, inda jirgin ruwa ke sauke tsofaffin motocin Turai. Ya ce ya bar shi yana tambayar yadda ake gaisuwa da Faransanci.

Ranar da Malam ya dawo, hon munka fara ji, sannan hayaniyar unguwa. Malam ya yi baƙi ya zube, rigarsa ta koma kalar hanya, amma tafiyarsa ta mai sarauta ce. Motar fara ce mai ratsin ruwan ƙasa, doguwa, da tsani a bayanta. Mutanen majalisa ba wanda ya tambayi kuɗinta, kowa tambayarsa daga ina. Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa ya jero garuruwan ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da cewa ya ga teku da idonsa. Dattawa sunka yi layi suna murɗa famfo. Liman ya buɗe wata 'yar ƙofa ya iske bayi dab da gado, ya rufe a hankali ya dubi Malam, Malam ya ce nan buta za a riƙa ajiyewa. Motar nan ta yi shekaru a hannunmu, ta je bakin fadama yadda ya yi mafarki, sauro ya koro shi, daga ƙarshe kaji sunka gaje ta. Amma wannan wani zance ne.

Lungunmu bai ɗauki motar ba, sai anka bar ta bakin titi kusa da masallaci. Malam ya riga ya shirya komai a ransa tun daga Kwatano. Da hantsi ya yi sallama ya shigo da maza huɗu majiya ƙarfi, riƙe da gadon kara an ɗora katifa. Za su kwantar da Inna su ɗauka a kafaɗa, su bi lungu da ita har mota, su sauke ta bisa gadon Turawa.

Na ɗaga labule. Inna ta dubi gadon, ta dubi mazan, ta mayar da ido gare ni.

"Ki gaya wa mai gidanki, maza huɗu da gadon kara sau ɗaya suke fitar da mutum daga gidansa. Ni ban kai nan ba tukuna."

Mazan sunka sunkuyar da kai. Ɗaya ya fara ja da baya yana neman zaure. Malam ya ce in gaya wa Inna tafiyar lungun kaɗan ce, kuma a cikin motar akwai gado mai laushi wanda ba ta taɓa hawa irinsa ba. Ta ce in tambaye shi wa ya gaya masa kwanciya take so. Zama bisa benci ta kasa, ba ta ce a miƙe ta a ratsa gari da ita mata suna leƙe suna salati ba. Kuma gadon da ba ta san wanda ya kwana bisansa ba, ko da alwala ko babu, ba za ta kai haƙarƙarinta ba.

Na juya in maimaita masa, na ga ba sai na maimaita ba. Mutumin da ya kai bakin teku ya dawo, ga shi durƙushe a tsakar gida kamar an zare masa laka. Sannan ya ce, murya ƙasa ƙasa:

"Ki tambayi Inna, to yaya take so a yi?"

Tun farkon zancen ba a yi wannan tambaya ba sai yau. Inna ta ce a sallami bayin Allah su tafi aikinsu, ni kuma in juyo mata baya.

Na goya ta. Na sa zane na ɗaure, na ƙara majanyi, na gyara ta ta ɓangaren ƙugun da ke da lafiya. Ba ta fi dammen karan shinkafa nauyi ba. Ta ɗora haɓarta a kafaɗata munka fito, tana gaida matan lungu gida gida daga bayana, tana gaya wa kowace Argungu za ta ganin ƙanwarta, don kada wata ta yi kuskuren fahimta. A mota na shimfiɗa tabarma a ƙasa, na zauna na miƙe ƙafa, tana nan goye. In munka faɗa rami jikina ke sha, ita sai dai ta ji lilo.

Malam ya rasa wurin zama sai bakin gadon. Kafin mu fita Gwadangaji ya jingina. Kafin Ambursa ya miƙe, munshari ya tashi har yana gasa da injin. Garinmu ya wuce ina ƙasa, kan giginyu kawai na gani ta taga. Na ce bari in tashe shi, ai da kunya. Inna ta ce in bar shi, wanda ya sayo gado shi ya san daɗinsa. Sai na ji ta juya kai. Ta kafa masa ido, ta daɗe tana duban fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba duk zamana a gidan. Ta ce a kunnena, ya rame. Ta ce in ja labulen can, rana na dukan ƙafarsa.

A Argungu munka iske ƙanwar Inna inda mai kifi ta ce, kusa da ƙofa, kunnenta wajen titi. Na durƙusa gabanta na fara kwance majanyi. Ta miƙo hannu ta laluba, fuskata ta fara samu, ta ce lalle Birnin Kebbi ta karɓi Yaya, ta koma yarinya. Inna ta kama hannun ta kai bisa tata fuskar. Yatsun sunka bi goshi, sunka bi kunci, sunka tsaya a baki.

"Yaya, wa ya kwashe miki haƙora?"

"Wanda ya kwashe miki ido."

"An ce ɗanki har bakin teku ya je neman hanyar Argungu."

"Haka nan ne. Yana waje, bai san ya samu ba."

Sunka yi dariya har tari ya sarƙe su, hannu cikin hannu. Ni na koma gefe ina murza bayana. Ba a jima ba na ji sun ɗauko wata tsohuwar gardama kan tasar uwarsu, wadda ta ɗauka da wadda ta ce ba ta ɗauka ba.

Bayan la'asar Malam ya farka, ya wanke fuska, ya zo bakin ƙofa ya gaida innarsa ta Argungu, ta sa masa albarka ta tambaye shi ko tekun da gaske ba shi da ƙetare. Sannan ya ce in gaya wa Inna hadari ya taso, gara a kama hanya. Na ɗauko zane na juya mata baya. Ba ta motsa ba.

"Ki gaya wa mai gidanki ya tafi da motarsa, Allah ya yi masa albarka. Ni na iso."

Malam ya ce in gaya wa Inna ya ji.

A ɗakin nan sunka ci damina tare, sunka ga an yanke shinkafa. Ƙanwar ce ta fara rasuwa, Inna na riƙe da kanta. Inna ma ba ta daɗe ba, kuma a Argungu anka rufe ta. Allah ya jiƙansu.