Turaren Ummi a Cikin Injin Plasma

Mansur

Bayan Asuba na fito ɗaukar jakata zuwa ɗakin gwajinmu da ke garin Jidda, sai na tarar da Ummi, mahaifiyata, ta buɗe ta a kan kaskon turaren wuta. Haka take yi wa duk mai tafiya a gidanmu. Amma cikin jakar akwai ɗan ƙarfen tungsten da na yi watanni ina gogewa, irin wanda ake son lulluɓe bangon injin haɗa ƙwayoyin zarra da shi. Ranar ce kaɗai aka ba ni in gwada shi a bana. Ko shafar yatsa ɓata shi take yi, balle hayaƙi.

Na tambaye ta ko ta buɗe ƙaramin akwatin da ƙarfen yake ciki. Ta ce shwayya, ɗan kaɗan kawai, don ƙamshi ya shiga. Na rufe jakar, na kama hanya.

Hanya

A Kudai na shiga motar haya. Direban, wani Basakkwace, bakinsa bai huta ba, ni kuwa sai shinshina akwatin nake kamar kyanwa. A shingen bincike ɗan sanda ya ce in buɗe. Na roƙe shi kada ya taɓa. Ya leƙa, ya yaba turaren, ya sallame mu.

Jidda

Na faɗa wa malamata gaskiya. Ta ce a wanke ƙarfen da sinadari mu gwada, hasken zai faɗa mana. Muka sa ƙarfen a injin gwaji, aka kunna plasma, wato iskar da ta yi zafi har take haske. Na'urarmu tana rarraba wannan haske launi-launi, kowane datti da layinsa a allo. Idan datti ya yi yawa, plasma hucewa take yi.

Na ƙura wa allon ido. Layin carbon, dattin da hayaƙi ke bari, ya miƙe, ya yi ta hawa, ya danne abin da na zo aunawa. Malamata ta kashe injin. Ta ce sai baɗi.

Na shiga banɗaki na yi kuka.

Gida

Da Magariba na iso garinmu Mansur, na gode wa Allah da Ya maido ni lafiya. Ummi ta ajiye mini tuwo, ta tambaya ko an dace. Na ce an ɗage.

Ta kalle ni, sannan ta ce, "Hadiza, ba dai ni ba ce?"

Na ce injin ne. Ta tura mini miya kusa, ita ba ta ci ba.