Fankar da Kakana Ya Ɗauko daga Jidda

Shekarun baya, tun kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, muna zaune a Nguru, a gidajen ma'aikatan reluwe. Mahaifina akawu ne a tasha. Gidanmu na cikin 'yan gidajen da ke da lantarki: ƙwan fitila ɗaya a falo, sai soket ɗaya a bango mai ramuka uku zagayayyu. Wutar ma sai gab da magariba take zuwa, in an tayar da inji. Ni kuwa ina firamare, irin yaran nan da ko malama ta kira sunansu sai murya ta maƙale. Baki ba ni da shi, sai ido. Duk abin da ke da rubutu a jiki sai na karanta, har gwangwanin madara.

A wata bazara kakana na wajen uwa ya dawo daga aikin Hajji. Ta hanyar Sudan ya bi, ya daɗe ƙwarai har an fara cire rai. Da ya huta a Gashuwa, sai ya hau motar masu fataucin bandar kifi ya taho wurinmu, rungume da wani ƙunshi da ya hana yaron mota taɓawa. A falo ya kwance shi: 'yar fanka ce ta tebur, koriya, mai fikafikai huɗu. Ya ce a Jidda ya saya, kuma duk cikin zuri'arsa gidanmu kaɗai ke da wuta. Kafin la'asar labari ya zaga, maƙwabta suka ce za su zo da magariba su sha iskar Hajji.

Da falo ya zama ba kowa, na je na leƙa. Kan wayarta haƙora biyu ne masu faɗi, ba su yi kama da ramukan bangonmu ba. A gindinta akwai ɗan ƙarfe da aka rubuta 110. A jikin ƙwanmu kuwa, wanda na sha karantawa, 230 ne. Na sami mahaifina a bayan ɗaki na tambaye shi a hankali.

"Na gani tun ɗazu," ya ce. "Wutar can rabin tamu ce. In aka sa ta a nan, juyi kaɗan za ta yi ta ƙone."

Mahaifiyata na daka a gefe, ta tsayar da taɓarya. "To, sai ka gaya masa."

"Ni? In dubi surukina in ce abin da ya ɗauko tun daga can ba shi da amfani? Ke dai ki gaya masa."

"Ka manta ni ce 'yar fari? Tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa zama gabansa ba."

Mahaifina ya ce ko a ce masa inji ya lalace yau. Ta ce Baba zai zauna har a gyara, ko da wata guda ne. Sai na ga duk sun juyo suna kallona.

A wurinmu jika ce kaɗai ke iya gaya wa kaka kowace magana, domin tsakaninsu wasa ne. Matsalar ita ce, ni ban taɓa rama wasan ba. In ya ce "amaryata", gudu nake in ɓuya bayan randa. Cikin jikokinsa duka, aka rasa wadda za a ɗora wa wannan aiki sai bebiyar cikinsu.

Na same shi a kan buzu ƙarƙashin darbejiya, dab da zanan da ya raba tsakar gida da madafa. Na durƙusa ina wasa da bakin zanena.

"A'a, yau amarya da kanta? Ko kin ji na zama Alhaji ne kika fasa guduna?"

Na ce, "Tsoho, fankarka ba za ta iya da wutar garin nan ba."

"Ashe tana magana. Me ya sami fankar?"

Na yi masa bayanin lambobin, ina kallon ƙasa. Na ce in aka sa ta, ƙonewa za ta yi a gaban mutane.

"Wuta ba wuta ba ce? Har ita ma kowace ƙasa da tata?"

"Haka aka rubuta a jikinta."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba, amarya."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ɗaga murya kaɗan, yana kallon darbejiyar, ba ni ba. Ya ce a can Jidda zafi ya kwantar da shi, wani mai shago ya zaunar da shi gaban irin wannan fanka. Da iskar ta taɓa shi, sai ya tuna wata yarinya da aka taɓa yi a gidansa, wadda duk bazara ƙuraje ke feso mata, ta yi ta kuka, uwarta na yi mata fifita har hannu ya gaji. Shi kuwa yana ji daga zaure, ba damar ya ɗauke ta, kada a ce ba shi da kunya. "Sai na ce bari in kai mata nata fifitan, ko da ta girma."

A bayan zana, dakan mahaifiyata ya tsaya.

Da aka idar da magariba ƙwan falo ya kama, maƙwabta suka cika. Wani abokin aikin mahaifina ya duba kan wayar ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a yanke shi a cusa wayoyin a soket, a danne da tsinken ashana. Har ya zaro reza. Mahaifina ya sunkuyar da kai.

"Mayar da rezarka, ɗana," in ji kakana. "Amaryata ta hana. Ta ce wutarku ta Nguru ba ta iya karɓar baƙi ba, ni kuma ba na ja da amarya."

Aka yi dariya, aka sha zamzam, aka ci dabino, kowa ya watse. Ya naɗe wayar da hannunsa ya miƙo mini fankar. "Kai wa mutanen ciki."

Mahaifiyata ta karɓa da hannu biyu. Ta sauke babbar tasar da ke saman jerenta, ta ɗora fankar a wurin. Duk Juma'a sai ta goge ta.

Bayan shekaru, kakana ya daɗe da rasuwa, ƙanena ya kawo wata 'yar na'ura mai rage ƙarfin wuta, ya ce yau fankar za ta yi aiki. Mahaifiyata ta ce ya bar mata abinta. Ya ce ba za ta ƙone ba, ya tabbatar. Ta ce ta sani.

A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce. Yanzu da na kai shekarunta nakan yi tunanin cewa abin da fankar ta zo yi ta riga ta yi shi tun ranar, ta bayan zana. Har yau in jikokina suka kawo mini wani abu daga wata ƙasa, nakan juya gindinsa in karanta lambar, su yi ta yi mini dariya. Amma kafin in ce musu zai yi ko ba zai yi ba, sai na fara tambayar abin da ya sa suka tuna da ni a can.