Hagun Ƙofar Shagona

Abin da ke ciki ba shi da yawa: tabarma ɗaya, inuwar rumfata, kwalin sabulu biyu, da sunan wata mata a kasuwar Tawa, ko a kira ta 'yar kasuwa ko a kira ta mai bara.

Gero da dawa nake sayarwa, tun ina awo da tiya har na kai ga buhu. Da wata ƙungiya ta koya wa naƙasassu sana'a, sai aka roƙi masu shaguna kowa ya ba mutum ɗaya wurin kasa kaya. Na ɗaga hannu a gaban jama'a, aka tafa mini, har ƙungiyar ta ba ni takardar godiya. Aka haɗa ni da wata mata 'yar Bambeye, shan inna ya shanye mata ƙafafu, tana tuƙa keken hannu. Sabulu ta koya, kuma yana kumfa, matata ta gwada.

Na shimfiɗa mata tabarma a hagun ƙofa, don nan inuwa take, dama kuwa wurin sikeli ne da lodi. Na manta nan ne masu karɓar sadaka suke zama duk Juma'a. Kasuwa ba ta manta ba.

Wani manomin Kalfu da ke kawo mini gero ya ajiye mata tsabar kuɗi a bakin tabarma. "Baiwar Allah, a sa mu a addu'a."

"Baba, sabulu nawa zan ba ka?"

"A'a, riƙe abinki, ki sayar wa wani."

Ta miƙa masa kuɗinsa, ya ƙi karɓa. Haka aka yi ta yi mata.

Ranar Juma'a tsohon makahon da ya saba zama wurin ya lalubo da sanda, ya taɓa kwali. "Alhaji, ka yi mana sabuwar ɗauka? Ita har da kaya ka ba ta." Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi.

Da za ta tashi ta ce, "Alhaji, ka gusa da sikelin nan kaɗan, ka ba ni teburi a dama. A ƙasa ba mai ganin kaya, ƙafafuna ake gani."

Gaskiya ta faɗa, na kuma sani, don ni ma ban taɓa tsayawa ciniki da wanda nake tausayi ba. Amma lokacin kaka ne, buhuna na shigowa. Na ce ta bari sai lodi ya ragu.

Ba ta jira ba. Yanzu tana bakin tasha, cikin rana, da teburin da kafinta ya yi mata daidai tsayin kekenta. 'Yan kabu-kabu suna taya sabulunta, in tayin bai yi ba ta ce albarka. Idan hanya ta kai ni wurin, ta bayan motoci nake bi.

Ita ta rasa inuwa, ta samu masu ciniki. Ni sikelina bai gusa ba, ko buhu ɗaya bai makara ba, takardar godiyar ƙungiya tana jikin bangon shago. Matata tana aikawa tasha a sayo mata sabulun, kuma har yau ba ta tambaye ni me ya kai shi can ba.