Ɗakin da Aka Karɓe wa Yaya Hajara

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta a Kazaure, wata Laraba bayan azahar. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye biro, domin ba zan iya ba da labarinta da gaskiya ba sai na faɗi inda ni kaina na gaza. Bana dai na ga shirun ya isa haka.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara tara. Nas ce, mutanen ƙauye Sista suke ce mata. Ni kuwa malami ne. Na shafe shekaru ina koyar da masu neman shaidar malanta ilimin halayyar ɗan Adam: yadda hankalin yaro yake buɗewa, lokacin da yake fara gane fuskar uwarsa, lokacin da baki yake zuwa masa, da abin da yunwa da tsoro suke yi wa ƙwaƙwalwarsa tun kafin a yaye shi. Idan na je wurinta hutu na fara zuba mata waɗannan bayanai, takan saurare ni tana ɓarar gyaɗa. In na gama sai ta ce, "Malam Nasiru, duk abin da ka faɗa haka yake. Gobe ka zo ka riƙe mini sikeli." Ban taɓa riƙe mata ba.

Inda ta fi daɗewa da aiki shi ne wani ƙaramin asibiti a ƙauye, arewa da Babura, wanda in ka tsaya a bakin ƙofarsa kana hango gonakin mutanen Nijar. Ɗaki uku ne da baranda. Ɗaya na duba marasa lafiya, ɗaya na haihuwa, na ukun kuwa tarkace ta tarar a ciki. Ita ta share shi, ta shimfiɗa tabarmi, ta mai da shi ɗakin yara masu tamowa. Uwa takan zauna da ɗanta mako biyu ko uku ana ba shi abinci kaɗan-kaɗan, ana auna shi kowace safiya. Yaya ba ta barin uwa ta zauna ta zuba tagumi. Takan ce, "Yi masa magana. Kira sunansa. Abinci kaɗai ba ya tayar da yaro." Ba ta taɓa tambayar mace ko daga wane ɓangaren iyaka ta fito ba. Sunan yaro take tambaya, da ranar da ya fara gudawa.

A wannan ɗaki na fara ganin Dije, wata Bafulatana da rugarsu take bin ciyawa, wani lokaci nan, wani lokaci ƙetare. Ta zo da 'yarta Adama, mai shekara biyu, wadda ko zama ba ta iya yi, gashinta ya yi ja ya zube. Ina hutu a gidan Yaya ranar da yarinyar ta cika kwana goma a ɗakin. Yaya ta dawo gida da la'asar tana dariya ita kaɗai. Na tambaye ta lafiya, ta ce, "Adama ta ƙwace cokali a hannun uwarta." Rannan sai da ta ci tuwo malmala biyu.

A wannan shekarar ne maganar tsaro ta yi zafi a yankin. Ana satar shanu, ana raɗe-raɗin ana shigo da bindigogi ta hanyoyin jeji. Mutane sun tsorata, ni ma na tsorata. Aka kafa kwamiti, aka ɗora Alhaji Kabiru a kansa. Ɗan gwaggonmu ne, tsohon soja, ya je aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje ya ga garuruwan da yaƙi ya cinye. Shi da Yaya abokan wasa ne tun suna yara. Tana ce masa Soja, yana ce mata Mai Allura, kuma ba sa haɗuwa ba su sa gida dariya ba.

Aka kira taro a makarantar firamare ta garin. Akwai mai gari, akwai limamai, akwai manyan manoma da dillalan shanu. Mace ɗaya ce a ciki, Yaya. Ni kuma aka gayyace ni a matsayin ɗan boko in yi bayani kan abin da ke jefa matasa cikin ɓarna. Na yi rabin awa ina magana. Na ce mutum tun yana goye ake gina shi, na ce yaron da ya tashi cikin yunwa da rashin kulawa da wuya ya yarda da kowa in ya girma, na ce ba a samun zaman lafiya sai an raya mutanen da za su zauna lafiyar. Aka tafa mini sosai.

Sai Alhaji Kabiru ya kawo maganar da aka taru dominta. Za a turo jami'ai su riƙa gadin hanya, suna bukatar ɗaki mai siminti da kwano a bakin titi, kuma babu irinsa a garin sai a asibiti. Ya ce a ba su ɗaki na uku.

Yaya ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta gai da mai gari, ta gai da malamai, sannan ta ce, "Ranku ya daɗe, yara shida ne kwance a ɗakin nan yau da safe. Ina zan kai su?"

Alhaji Kabiru ya ce, "Hajara, ke ba ki ga abin da na gani ba. In aka shigo garin nan da bindiga, babu asibiti, babu yara, babu ke."

Ta ce, "Ban ga abin da ka gani ba, Alhaji. Amma na san matan nan. Ranar da suka ga mai bindiga a ƙofar asibiti, ba za su sake zuwa ba."

Sai ta juyo ta dube ni. Ni ne mutumin da ya gama faɗin duk abin da take nufi da manyan kalmomi minti kaɗan da suka wuce. Mai gari ya ce, "Malam, me ka gani?" Na ji nauyin a ce na goyi bayan 'yar uwata a gaban manya. Na ji tsoron in wani abu ya faru a garin a ce ni na hana. Na ce, "A ba su na wata uku mu gani." Aka ce Malam ya kawo maslaha. Aka yi addu'a aka tashi.

Jami'an da aka turo ba mugaye ba ne, aikinsu suke yi. Duk wanda ya doso sai su tambaye shi daga ina, ina katin shaida. Dije ba ta da kati, mijinta ba shi da shi, ba ta ma san a wace ƙasa aka haife ta ba. An mai da yaran baranda, ga damina ta kama. Kwana biyu da zuwan jami'an, Dije ta goya Adama ta tafi ba sallama, magani bai kai rabi ba. Kafin ƙarshen watan babu uwa ko ɗaya a barandar. A rahoton da aka rubuta daga baya an ce masu tamowa sun ragu a yankin. Na ga takardar da idona, domin Yaya ce ta miƙo mini ita.

Ba ta haƙura ba. Kowace ranar kasuwa takan hau acaɓa da sikeli da jakar magani ta je gindin wata tsamiya a bakin jeji, inda matan ruga suke hutawa kafin su shiga gari da nono. A can ta sake samun Dije, a can ta ƙarasa yi wa Adama magani, mako bayan mako. Wani ya kai ƙara cewa tana barin wurin aiki tana yawo da kayan gwamnati. Aka ba ta takardar tuhuma, aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wajen Gwiwa. Shekara huɗu ta yi a can ta yi ritaya. Bayan shekara biyu hawan jini ya kwantar da ita, ta yi jinyar kwana tara ta cika.

Tun daga ranar taron ba ta sake ce wa Alhaji Kabiru Soja ba. Takan gaishe shi cikin ladabi, "Ina kwana, Alhaji, ya iyali," ta wuce. Ni kuwa ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sau ɗaya na nemi in ba ta haƙuri, a wani suna da muka je Roni, shekara biyu bayan abin. Na fara kame-kame. Ta katse ni tana murmushi ta ce, "Malam Nasiru, wata ukun naka sun cika kuwa?" Ta ɗauki ƙwaryar furarta ta koma cikin mata.

Yanzu nakan tambayi kaina, da za ta leƙo ta ga yau, me za ta ce? Kalmar ci gaban ɗan Adam ta zama ruwan dare. Ba a yin taro a Kazaure sai an ambace ta. Masu maganar tsaro sun koyi cewa sai an yaƙi talauci, masu maganar lafiya sun koyi cewa sai an kula da kwanakin farko na yaro, mu malamai muna nan muna ba ɗalibai jarrabawa a kai suna cinyewa. Kowa ya yarda da maganar Yaya yanzu. Abin da ke ba ni takaici ke nan, domin a ranar taron ma babu wanda ya ƙaryata ta. An yarda da ita, an tafa mini da na faɗe ta, aka kuma karɓe ɗakin.

Watan jiya na je ƙauyen. An yi wa asibitin fenti, an kafa allo babba a gabansa. Ma'aikaci ɗaya na tarar, saurayi mai kirki, shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai allura, shi ne mai shara. Jami'an tsaro sun tashi tun tuni, an gina musu wuri a wani gari. Na tambaye shi ɗaki na uku. Ya ce tun da ya zo a kulle ya same shi, kuma ba a ba shi makulli ba. Na leƙa ta taga, na ga karyayyun benci da tsohuwar taya. Shekara goma sha uku ke nan. Babu wanda ya ce kada a mayar wa yara ɗakinsu, babu kuma wanda ya ce a mayar.

Alhaji Kabiru ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Da muka taru yi wa Yaya addu'a bana ya riƙe hannuna a zaure bayan mutane sun watse. Ya ce, "Nasiru, a ƙasar da na je, waɗanda suka riƙa harbinmu yara ne. In ka kama su sai ka ga ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Na san abin da Hajara take faɗa tun tana faɗarsa. Amma ni ɗaki aka ce in nemo."

To me ya rage nata? Ba a sa wa ko benci sunanta ba. Littattafan awon da ta cika da hannunta ban san inda suke ba. Na daɗe ina ganin kamar komai ya bi ta, har ranar da na dawo daga ƙauyen na tsaya kasuwar Babura. Wata mai nono ta yi ta kallona, sannan ta ce, "Kai ba ƙanen Sista ba ne?" Dije ce. Kusa da ita wata budurwa ce 'yar ƙarama, jikinta bai kai shekarunta ba, amma idonta tar, ita ke auna wa masu saye tana ba su canji. Adama ce.

Dije ta ce in gaishe mata da Sista. Ashe ba ta ji rasuwarta ba. Da na gaya mata, ta ajiye ludayin ta yi salati. Can ta kamo hannun wani jariri da ke bayan maƙwabciyarta, ta zagaye damtsensa da babban yatsa da manuni, ta nuna mini. Ta ce haka Sista ta koya mata a gindin tsamiya: in yatsun suka haɗu har suka hau juna, yaro yana cikin hatsari ko da yana wasa. Ta ce duk rugar da suka sauka sai ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya, kuma ta koya wa mata da yawa, har da na ƙetare.

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina ashe ga abin da ya rage, ilimi a yatsun matar da ba ta taɓa shiga aji ba, yana ƙetare iyaka ba kati. Har na fara shirya yadda zan rubuta shi da daɗi.

Sai Dije ta ce, "Bana na samu yara huɗu masu irin wannan damtse a rugarmu, Malam. Biyu sun rasu. Sauran biyun, ina za mu kai su?"

Na tsaya a tsakiyar kasuwa da hulata da takardun shaidata, ina neman amsa. Allah ya jiƙan Yaya Hajara. Ita da tana nan, da ta tambayi sunayen yaran, ta kira mai acaɓa.