Ranar da Muka Gudu Sama

Kowa cewa yake in sojoji suka kakkaɓo makami a sama, halas, shi ke nan, an tsira. Ba haka ba ne. Abin da aka tarwatsa a sama ƙasa yake dawowa, ƙarfe ne mai zafi, kuma ba ya tambayar wa ke da iƙama, wato takardar izinin zama. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

Har yau ina tuna wata la'asar a ɗakin girkinmu na unguwar Sa'alaba, nan ƙasa mai tsarki, inda muke dafa abincin biki. Ni ke kula da ma'aikata, don ni ce mai takarda. Yawancin matan da sunan umra suka zo suka zauna. Muna da tsari tun da: in aka ji an doki ƙofa da ƙarfi, masu kame ne, duk marar iƙama ta haye rufi ta laɓe bayan tankin ruwa.

Muna tsame shinkafa sai muka ji dum, tagogi suka girgiza. Kafin in juyo mata sun cika matakala. Na leƙa taga, na ga farin hayaƙi ya ja layi a sama. Lokacin hare-haren farko ne, ba wanda ya koya mana komai.

Na haura ina ihu, "Yalla, maza ku sauko! Ba kame ba ne, daga sama ne!"

Duk suka sauko sai Inna Rabi, dattijuwar da ke mana waina. Ta ƙanƙame tanki. "Ke 'yar nan, kina da iƙamarki. Ni in na sauka, sai Kano."

"Inna, in kin zauna, sai maƙabarta. Kano dai ana dawowa!"

Na fizgo hannunta tana zagina. Muna tsakiyar matakala wani guntun ƙarfe ya faɗo ya huda tankin, ruwa ya biyo mu har ƙasa. Zagin ya koma salati.

Ƙasar nan ma dukan farko ne ya nuna mata inda take a buɗe, ta ƙara makaman kariya, ta fara wayar da kan mutane. Mu kuwa Hajiya mai wurin ta sauya tanki kawai ta ce, "Allah ya tsare, a koma aiki." Matan nan tsoro ɗaya suka sani, shi za su sake bi.

Don haka gobe zan kwashe buhunan da ke siton ƙarƙashin matakala, marar taga, ya zama mafakarmu. Duk wadda aka ɗauka aiki, kafin ta riƙe ludayi sai na kai ta can da ƙafarta. In Hajiya ta ƙi, ta nemi wata mai takardar.