Gangar Innes

Na yi shekaru ina aiki da Lachie Gow kafin in san ya taɓa haihuwa. Ni ce mai riƙe da makirufo a kujerar gaba, ina zuba wa baƙi labarin wanda ya sare kan wane a wace tsohuwar fada, shi kuma yana riƙe da sitiyari, bakinsa gum. Mukan kwashi mutane a Edinburgh ranar Litinin mu haura arewa da su, daga fada zuwa masana'antar wiski, daga masana'anta zuwa wata fadar, mu dawo da su ƙarshen mako hanci ya yi ja, jakunkuna na ƙarar kwalabe.

Gajere ne, mai manyan hannaye da gashin baki fari fat. Rediyo yake kirana.

"Rediyo, rage murya mana, tumakin mutane na barci."

"Kai dai yi tuƙinka, tsoho. Da a ce da bakinka za mu ci abinci, da tuni yunwa ta kashe mu."

Iyakar hirarmu ke nan a yawancin ranaku, kuma ta ishe mu. Ban taɓa ganin direba mai sanyin hannu irinsa ba. Yakan bi da wannan ƙatuwar mota ta siraran hanyoyin tsauni, tsohuwa na shan shayi a baya ko ɗigo bai zube ba.

Ba direba aka haife shi ba. Ɗan Glensarvie ne, ƙauyen da babu komai cikinsa sai coci da masana'antar wiski. Ubansa maƙerin gangunan katako ne na zuba wiski, shi kuma tun yana saurayi ya shiga rumbun da ake jera gangunan su tsufa. A can ya koyi aikin kunne: ya ƙwanƙwasa ganga, ya saurara, ya faɗa maka inda ruwan ya tsaya a ciki. Da aka rage ma'aikata sunansa ya fito, sai ya je ya koyi tuƙin babbar mota, bai ce wa kowa uffan ba. Ikon Allah kuma, hanyar da kamfaninmu ya ba shi ta Glensarvie take bi duk ranar Alhamis.

A nan na fara lura da wani hali nasa. Da zarar baƙi sun shiga ɗakin ɗanɗano, sauran direbobi sukan taru wurin Effie mai shayi, shi kuwa sai ya zagaya baya ya ɓace. Na ce a raina, to, ga inda tsohon yake ɓoye tasa tsiyar. Direba da kurɓa a ɓoye, ai rayukanmu ne a hannunsa. Ran nan na bi shi, masifata a bakina na shirya ta tsaf.

Na same shi a can ƙuryar tsohon rumbu, durƙushe gaban wata ƙaramar ganga. Ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ya kara kunne, ya yi shiru. A fuskar gangar an rubuta INNES GOW da farin fenti wanda ya fara dushewa.

"Ta ɗana ce," in ji shi, bai ko juyo ba. "Ranar aurensa za a buɗe."

"Kai, tsoho, ashe kana da ɗa ka ɓoye mini? Yaushe ne bikin, in ɗinka riga?"

"Ba a sa rana ba tukuna."

Da na koma na ba Effie labari ina dariya, sai ta ajiye butar shayi ta dube ni.

"Rhona, rufe bakinki. Innes yana ƙarƙashin teku tun kafin ki fara wannan aikin."

Jirgin kamun kifi Innes ya bi daga garin Buckie, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Guguwa ta same su, ba a ga jirgin ba, ba a ga ko hular mutum ɗaya ba. Al'adar Glensarvie kuwa kowa ya san ta: ma'aikaci in an yi masa haihuwa, ya cika ƙaramar ganga da sunan jaririn. Ranar aure a buɗe. In mutuwa ta riga aure, a buɗe a bakin kabari, masu ɗaukar gawa su kurɓa, uwa da uba su raba kofi ɗaya. Iyalan sauran mutanen jirgin duk sun kafa duwatsu a harabar coci, sun yi addu'a, sun share hawaye. Lachie ya ce shi bai ga gawa ba. Fasto ya je, 'yan'uwa sun je, ya ba su shayi ya raka su ƙofa.

Matarsa Ishbel na fara ganinta a liyafar Kirsimeti ta kamfani. Doguwa ce, mai dafa abinci a makarantar firamare, mai dariya da ƙarfi. Muna tsaye a waje muna jiran ya kawo mota ta ce mini, kamar mai maganar ruwan sama:

"Sauran matan sun yi kukansu sun gama. Ni har yau ba a ba ni izinin farawa ba."

A gidansu ba a cewa marigayi. Sai dai "in Innes ya dawo". Ta ce in kuka ya taso mata, banɗakin makaranta take shiga ta kunna famfo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, tun daga daren nan na fara jin haushin Lachie, haushi na gaske, kuma ban daina sonsa ba. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan.

Ganga kuma ba ta jira. Kowace shekara itace na shan nasa, iska na kwasar abin da masu sana'ar ke kira rabon mala'iku, ƙaramar ganga kuwa ta fi babba saurin ƙarewa. Struan, wanda ya gaji rumbun, ya sha yi masa magana a gabana.

"Baba Lachie, gangar nan ta yi sauƙi fa. Bari in cire toshiya in auna, ko a juye a kwalba kafin ta lalace."

"Taɓa toshiyar nan ka ga yadda ake karya yatsu."

"Ni dai na faɗa."

"Ka faɗa, na ji. Lokacin da nake wannan aikin kana tsotson yatsa."

Haka muka yi ta tafiya, bazara ta zo ta wuce, wata ta zo. Hali zanen dutse. Duk Alhamis ya zagaya baya, ya dawo gwiwoyin wandonsa da ƙura, ya tayar da mota.

Sai kakar bara. Safiyar wata Litinin ina duba baƙi suna hawa, Amurkawa da Jamusawa da wasu ma'aurata daga Japan, sai ga Ishbel a cikin layi da 'yar jaka da tikiti a hannu. Da ƙyar na gane ta. Kwat ɗinta ya yi mata yawa kamar na aro, ta ɗaure kai da ɗankwali, alhali na san ta da gashi har gadon baya. Lachie ya sauko daga mota da sauri.

"Me kike yi a nan?"

"Yawon buɗe ido na zo. An ce direban na da kirki, sai dai kurma ne."

"Ishbel, likita ya ce ki kwanta."

"Likita ya ce abubuwa da yawa, maigida, ba ka zauna ka ji ko ɗaya ba. Karɓi jakar nan, hannuna ya gaji."

Ta zauna a kujerar da ke bayansa daidai. Duk tafiyar tana kallon ƙeyarsa, shi yana kallon hanya.

Ba ta iya hawa matakalar fada. Takan zauna a benci a tsakar gida, bargo a gwiwa, mu shiga mu fito. A wata fada ta bakin tafki ina da labarin da baƙi ke so, na wata gimbiya da mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, wai har yau ana ganinta a taga, kyakkyawa, tana jira. Na zuba shi yadda na saba, har wata Ba'amurkiya ta share ido. Da baƙi suka watse ɗaukar hoto, Ishbel ta yafito ni.

"Ƙarya kuke sayarwa, Rhona. Jira ba ya sa mace kyau. Dube ni."

Na zauna kusa da ita.

"Ba zan ga sabuwar shekara ba," in ji ta. "Ba na tsoro. Abu ɗaya nake so, in yi wa ɗana makoki tare da ubansa, ko na minti biyar ne. Kofi ɗaya, rabi nawa rabi nasa. In na samu wannan, sauran mai sauƙi ne."

Ranar Alhamis muka isa Glensarvie da rana, ana yayyafi. Na miƙa baƙi ga yarinyar da ke zagayawa da su, na riƙe hannun Ishbel muka bi bayan Lachie. Ya san muna biye, bai waiwaya ba. Struan na ganinmu ya gane, ya ɗauko gudumar katako da dogon bututun tagulla da ake zuƙo wiski da shi, da ƙaramin kofin gilashi.

Lachie ya tsaya tsakaninmu da gangar.

"Ba a sa rana ba," in ji shi.

"Na sa," in ji Ishbel. "Yau ce."

"Ban ga gawa ba."

"Tawa za ka gani, kwanan nan. Ita ma za ka ce ba ka gani ba? Kai ka cika gangar, na yarda, amma ni na haifi mai sunan. Matsa."

Ana jin dariyar baƙi daga can ɗakin ɗanɗano. Struan ya matso da guduma, sai Lachie ya fizge ta daga hannunsa.

"Ba wanda zai taɓa ta sai ni."

Ya buga gefen toshiyar, dama da hagu, har ta yi tsalle ta fita. Ƙamshi ya cika wurin. Struan ya zura bututun har ƙasa, ya toshe da babban yatsa, ya ɗago. Babu komai. Ya sake zurawa, muka ji tagulla ta daki busasshen itace.

Shi da Lachie suka cicciɓi gangar suka karkata ta a bakin kofi. Wani abu baƙi-baƙi ya tsiyayo a hankali, ya tsaya. Ko rabin ɗan kofin bai kai ba.

Ishbel ta dubi mijinta.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Kai da kunnenka, dole ka sani. Tun yaushe?"

"An jima."

"Kana zuwa kana ƙwanƙwasa fanko, Lachie?"

Ta karɓi kofin da hannu biyu. Ta ce, "Innes, ɗana, Allah ya ji ƙanka," da murya sosai, yadda ban taɓa jin an faɗi sunan ba. Ta kurɓi rabi. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta miƙa masa sauran.

Ya dubi kofin. Na ga hannunsa ya motsa, wallahi na gani. Sai ya mayar da shi aljihu.

"Ina tuƙi, Ishbel."

"Tsoho, kar ka yi mana haka!" Ni ce na faɗa. "Zan kira ofishinmu na Elgin su turo wani direba. Baƙi su jira, wiski ne a gabansu, ba za su mutu ba."

"Doka ce, Rhona. Ina da mutane a mota."

Gaskiya ya faɗa, doka ce, ko ɗigo ba a yarda direba ya sa a baki ba. Ban taɓa tsanar gaskiya kamar ranar ba. Ishbel ta ci gaba da miƙa hannu har hannun ya gaji, abin cikin kofin na neman zubewa. Da ta ga zai zube, ta kai bakinta ta shanye. Ta ba Struan kofin, ta ce masa na gode, ta kama hannuna muka fita.

Lachie ya tuƙa mu zuwa Inverness lafiya lau. Ni kuwa ranar ban ɗauki makirufo ba, na sa wa baƙi kiɗa.

Ta rasu kafin Kirsimeti. Dutsen da ya sa aka sassaƙa sunaye biyu ne a kai, nata a sama, na Innes a ƙasa, ba wanda ya roƙe shi. A bakin kabari wiskin kanti aka zuba wa masu ɗaukar gawa. Ya tsaya da hula a hannu, ya tsufa a 'yan makonni. Na so in riƙe fushina, na kasa, tausayi ya fi ƙarfina.

Da bazara ta dawo muka koma hanya. Alhamis ta farko a Glensarvie baƙi suka sauka, shi bai motsa daga kujerarsa ba. Na tsaya ina tattara takardun alewa da suka zubar, don kar in bar shi shi kaɗai.

"Rediyo."

"Na'am."

"Ta faɗa miki yadda wiskin gangar yake a baki?"

Ta faɗa mini, a masaukinmu na Inverness, ina taya ta cire takalmi. Na yi tunanin in ce masa zuma-zuma ne, ai ƙarya mai daɗi ita ce aikina. Amma ba don in yi mata ƙarya ta faɗa mini ba.

"Ta ce ɗaci gare shi, kamar ka tauna ɓawon itace."

Ya gyaɗa kai, kamar abin da ya zata ke nan.

"Shi ke nan abin da ta ce?"

"Ta ce ba ɗacin ne ya dame ta ba. Ta ce ya yi wa mutum ɗaya yawa."

Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Na sauka, na rufe ƙofar motar a hankali, na je na ce wa yarinyar ta ƙara zagayawa da baƙi, direba bai shirya ba tukuna.