Farar Akuya da Zaƙami

Ina ɗan shekara bakwai ko takwas, zamanin da Nasara suka kafa bariki a Dakoro, kakata Inna Hassu ce ke riƙonmu. In mun gama cin tuwo sai ta zauna bakin murhu, ta kwance 'yar batta daga haɓar zane, ta cusa garin taba da kanwa a leɓe, sannan ta ce mu matso, yau ma ta zo mana da baƙuwar tatsuniya.

Wadda na fi tunawa ita ce ta farar akuya. Wai garken wani makiyayi ne ya gano zaƙami a bayan rijiya. Kullum awaki su ci, su yi ta tangaɗi suna dariya. Farar akuya kaɗai ta ƙi. Ba wanda ya tilasta mata. Sai dai in ta zo inuwa, su tashi su bar mata wurin. Da kaɗaici ya ishe ta, ta ɗanɗana. Ɗaci ya sa ta amai, amma ran nan aka yi mata wuri a tsakiyar garke. Kafin wata ya mutu, ita ke riga kowa zuwa. Da damina ta faɗi, makiyayi ya kora garke arewa wajen Azagor, sauran suka bi shi. Ita kuwa ta kasa barin gindin zaƙami, har kura ta iske ta can, ko gudu ba ta yi ba.

Wata rana na tambayi Inna wa ya koya mata taba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Matan rijiya, ɗan nan. Wadda ba ta taunawa, ba a hira da ita. Ga shi duk sun tafi, sun bar ni da abin."

Da na so in ce na ji gargaɗi. Amma da aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, abokai suka miƙo mini guntun sigari a bayan katanga, na karɓa don kada a ce mini baƙauye. Sai da na yi furfura na iya yar da ita.

Yanzu na gane Inna, Allah ya jiƙanta, ba tsorata mu take yi ba. Labarin kanta take ba mu, ta ɓuya a bayan akuya, don tana jin nauyin ta dubi jikokinta ta ce ta kasa.